Jawabin Ban Kwana na Baba Taswira

Mijina a ofishin filaye na gwamnati ya yi furfura, yana zana taswira. Tun ana yi da alƙalami da tawada a kan babban tebur har aka koma kwamfuta, ya koya, ya kuma koya wa na bayansa. Baba Taswira suke ce masa a ofis, ni ma idan tsokana ta motsa haka nake kiransa. Da ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu aka yanke ta daga ƙasan gwiwa, ya yi jinyarsa, ya koma aiki da sanduna biyu. Ofishin nasu a saman bene yake. Kullum sai ya riga kowa zuwa don kada a gan shi yana hawa, ya zauna ya share gumi, kafin yaran su shigo ya yi nisa da aiki. Hannunsa lafiya, idonsa lafiya, ni kuwa ban taɓa jin inda aka zana taswira da ƙafa ba.

Sabon darakta ne abin bai yi wa ba. Ya kira shi, ya tura ƙofa, ya ce ofis ba asibiti ba ne, manyan baƙi na zuwa, kuma ƙarar sandunan nan tana damun mutane. Ko dai ya nemi ritaya da kansa, ko a yi masa ita ta hanyar da ba zai so ba. Alhali da sauran shekaru masu yawa kafin lokacinsa ya cika. Malam ya sa hannu, ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ko takalmin nan nasa guda bai cire ba.

A ofishin, duk wanda zai bar aiki sai an yi masa walima. A haɗa tebura, a kawo shinkafa da lemo, a miƙa kyauta, sannan mai tafiya ya yi magana daga ƙarshe. Na ce kada ya je. Ya ce yara sun haɗa abin da suka haɗa, ba zai watsa musu ƙasa a ido ba. Na bi shi ne kawai don in riƙe masa jaka.

To, mijina mutum ne da ya gwammace a zage shi da a ji tausayinsa. Da ya tashi magana ya ga 'yan matan ofis suna share hawaye suna kallon inda wandonsa ya naɗe, sai ya ware. Ya ce shi fa ya gaji, lokaci ya yi da tsoho zai matsa wa yara. Ya ce hajiya ta daɗe tana ƙorafin ta auri tebur, yanzu za ta ga mijinta har ya gundure ta. Aka yi ta dariya. Ya juya ga daraktan ya gode masa, ya ce ya riƙe shi riƙon ɗan'uwa. Ya nemi gafarar kowa, ya ce shi ma ya yafe. Ina zaune na ture shinkafar gefe. A mota na ce masa, "Malam, wannan kara taka wata rana sai ta kashe mu." Ya ce ai an rabu lafiya.

Lafiyar ba ta biyo mu gida ba. Mutumin da ya saba fita tun da sassafe ya koma zaman ƙofar ɗaki yana gyara rediyon da ba ta lalace ba. Idan maƙwabta suka tambaya ya ce yana hutawa, ya shigo ya ƙi cin abinci. Babbar 'yarmu ce ta tsaya a kansa har ya yarda ya kai ƙara cewa saboda ƙafarsa aka fitar da shi. Abin da yake so ɗaya ne, a mayar da shi teburinsa. Kwamitin ma'aikatar ya yi watsi da ƙarar, wai babu wanda ya ji abin da aka faɗa a bayan ƙofa. Muka ɗaukaka zuwa hukumar da ke sauraron ƙorafin ma'aikata, muka ɗauki lauya, wata yarinya mai kaifin baki da ta kusa sa'ar 'yarmu. Ta ce muna da ƙarfi, don babu likitan da ya ce ba zai iya aiki ba. Watanni muka yi ana ɗaga zama. A watannin nan ya koma aske gemu, har ya sa na goge masa rigunan ofis na jera.

Ranar zaman ma sai da muka hau bene, don na'urar hawa ta lalace. Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai kuka. Shugaban zaman da mutum biyu a can gaba, darakta da lauyan ma'aikata a gefe, yaran ofis kaɗan a baya suna sunkuyar da kai. Malam ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Na ji daɗi a raina, har na fara tunanin abin da zan dafa.

Sai lauyan ma'aikata ya nemi izinin nuna wani abu. Ashe ranar walima ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki bidiyo da waya don tarihi, ya tura wa kowa a ofis. Aka kunna. Ga Malam a bango, ya dogara da sanda, baki har kunne, yana cewa ya gaji. Ga dariyar mutane. Ga shi yana kiran darakta ɗan'uwa. Har ni an hasko, na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. Lauyarmu ta juyo ta dube mu, don ba mu taɓa gaya mata ba. Mu a wajenmu ai ba magana ba ce, sallama ce kawai.

Shugaban ya tambaye shi ko shi ne a ciki, ya ce shi ne. Ya tambaye shi ko an tilasta masa faɗin hakan, ya ce a'a.

"To Baba, abin da ka faɗa a nan, gaskiya ne?"

Mijina ya dubi tebur. Mutum ne da ake kira raba gardamar iyaka saboda idan ya ce nan ne, to nan ɗin ne. Yaran da ya koya wa aiki suna bayansa.

"Ba gaskiya ba ne, ranka ya daɗe. Ƙarya na yi. Kore ni aka yi saboda na zama gurgu, na ji kunyar faɗa."

Ban taɓa jin kalmar nan ta gurgu a bakinsa ba, ko a cikin ɗaki. Zuciyata ta yi zafi. Lauyan ma'aikata kuwa ya miƙe cikin ladabi ya ce yana tausaya wa Baba, amma mutumin da ya iya shirya magana haka da fara'a a gaban jama'a, ta yaya hukuma za ta san yau ba ƙaryar yake yi ba? Lauyarmu ta yi iya yinta. Ta ce kowa ya san abin da ake faɗa a walima, ba wanda ke cin shinkafar mutane ya tashi ya zage su. Ɗaya daga cikin mutanen hukumar har ya gyaɗa kai. Suka fita, suka dawo, shugaban ya ce abin da ke gabansu sa hannu ne da muryar mai ƙara, ita kuwa maganar bayan ƙofa ba ta da shaida. An kori ƙarar, kuma daga nan babu sama.

Mutane suka watse. Muka fito bakin bene, Malam ya tsaya yana kallon matakalar. Hawa da zaman sun cinye masa ƙarfi, ni kuma ba zan iya ɗaukar nauyinsa ba. Yaran ofis sun riga sun sulale. Sai ga darakta ya fito da makullin mota a hannu.

"Sannu Baba. Kawo in taimaka maka."

Na jira Malam ya ture shi. Wallahi da ya ture shi, ko a nan za mu kwana na yarda. Ya dubi matakalar, ya dubi hannun da aka miƙo masa, sai ya miƙo mini sandunan ba tare da ya kalle ni ba. Ya ɗora hannu a kafaɗar mutumin, suka fara sauka, yana tsalle da ƙafa ɗaya, darakta yana cewa a hankali, a hankali. Na bi su a baya, rungume da sandunan.