Hular Kwano a Kan Zanna Bukar

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni, ni Tanimu mai gyaran agogo, ya dire ni a bakin wani ofishi da rana tsaka. Ina cikin kayan tseren keken da za mu yi ranar Asabar, hular kwano na ɗare a saman zanna bukar ɗina, igiyarta na reto kamar kullum. Ni ba na ɗaure ta. In na ɗaure sai ta danne min hula ta ɓata mata kari, alhali kwana uku mai wanki ke yi yana gyara ta.

A garin nan duk abin da ya suɓuce sama yake faɗawa, shi ya sa aka yi wa rufin ofishin daɓen siminti. Wurin gwajin hular kwano ne. Shugaban wurin wani kunkuru ne mai tabarau, aka ce an ba shi kujerar ne don kaf danginsu ba wanda ya taɓa fita ba kariya.

Sai ga ni a benci tare da kankana wajen ashirin, kowacce na jiran a kira ta. Ta kusa da ni ta gaishe ni da ladabi, ta ce sau bakwai ana sakin ta ko ƙwarzane ba ta yi ba, bana ma take shirin ritaya.

Aikin nasu a tsare yake. A sa wa kankana hula, a ɗaure tam a inda ya kamata haɓa ta kasance, a sake ta ta maku da rufi. Daga nan wani rago mai rigar ma'aikata ya ja da baya ya tunkuye ta ta gefe. Sai likita, wata zabuwa, ta ƙwanƙwasa ta tana saurare kamar mai saye a kasuwa. Abin ya burge ni, har na yi musu tafi.

Can sai kankana ta ƙare.

"Malam Tanimu," in ji kunkuru, "a taimaka mana da aron kanka na minti biyar."

Na cire na miƙa masa, don na ji kunyar hana dattijo. Ya leƙa ta kunne ya ga abin da ke ciki: hanyar gida, muryar mahaifiyata, yadda ake kwance agogo, da sunan 'yata tilo. Ya tambaya ko a ɗaure igiyar. Daga kan tebur na ce a bar ta haka, zanna bukar ɗin jiya aka karɓo ta daga wanki.

Aka saki. Hular kwano ta yi nata wuri, kaina ya yi nasa. Na ji ƙas, kayan ciki suka watse a rufi. Ma'aikata suka hau tsani suka tattaro, aka mayar, aka ɗora min kaina a wuya. Komai ya dawo sai abu ɗaya, ragon kuwa yana gefe yana tauna, ya ƙi haɗa ido da ni.

Sai ga 'yata a kan keke a tsakiyar ofishin, tana murmushi.

"Baba, kira ni mu tafi gida."

Na buɗe baki. Na san fuskarta, na san wushiryarta, na san ranar da aka haife ta, amma sunan babu. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Kunkuru ya buga hatimi ya ce hular kwano ta ci jarrabawa, laifin ba nata ba ne. Sannan ya miƙo min zanna bukar ɗina da hannu biyu, karinta na nan tsaf, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Ya ce in tafi da ita gida, wataƙila ita ta san sunan.

Ina riƙe da ita sai na ji fis, fis, fis. Na buɗe ido, gari ya waye, yarinyar ce a tsakar gida take ba tayar kekena iska.

"Baraka," na ce. "Baraka. Baraka."

Ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya?"

Na ce lafiya ƙalau, sannan na ce ta ɗauki zanna bukar ɗin nan ta sa min a akwati sai ranar Juma'a, ta miƙo min hular kwano in ga ko igiyar ta kai haɓata.