Dariyar Tsatsa

Da bokitin ƙarfe a hannunta ta shiga ɗakin ɗaukar murya, mai gadi na biye da ita yana cewa masu shara ta baya suke shiga.

"Ba shara na zo ba," in ji ta. "Kayan aikin mijina ne."

Daraktar ta taso da sauri ta sallami mai gadin. "Mama, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, 'yata."

Ita tela ce. Mijinta shekara shida yana yin muryar Tsatsa a katun ɗin Masu Gadin Birni, wanda gidan talabijin ya ɗauko daga littattafan zane na yara. Jaruman su huɗu ne: Gada mai miƙe jikinsa a kan kogi mutane su tsallake, Allura mai shiga ta ramin makulli, Kunne mai jin kukan jariri daga bayan gari, sai shugabarsu Fitila. Tsatsa shi ne mugun, duk ƙarfen da ya taɓa sai ya ruɓe. Yara na son jaruman, amma in sun fito wasa Tsatsa suke kwaikwayo. Mijin nata kuwa, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa! Yakan ce mata, "In ban tsorata yaran nan ba, me huɗun nan za su ceto?"

A kashi na ƙarshe an riga an ɗauki maganganunsa duka, saura dariyar da Tsatsa zai yi yana nutsewa cikin teku. Ya ce sai Litinin. Ranar Asabar ya rasu.

"Tsofaffin dariyoyinsa duk gajeru ne, ba su bi bakin zanen ba," in ji daraktar. "Mun gwada mutum uku. In ba a samu yau ba, gobe wani zai sake kashin gaba ɗaya, a cire muryar Baba."

"A cire shi?"

"Wallahi ba da son raina ba, Mama."

Ta ajiye bokitin a kan tebur. A cikinsa mijinta yake cusa kai in zai yi dariyar, shi ke ba ta amo. Mai haɗa sauti ya cire hularsa, ya cusa kai, ya ɓarke da dariya.

"Wannan ai akuya ce ta faɗa rijiya," in ji ta. "Ba waje ake turawa ba, ɗana. A ƙarshe ciki ake jan numfashi, sau uku, kamar za a shiɗe."

Ya fito da kai yana haki. "Mama, ke ya aka yi kika sani?"

"Tawa ce. Sata ya yi."

Haka ne kuwa. Yakan zauna gefen kekenta yana zuba mata shirme har sai ta saki ɗinki ta riƙe ciki, shi kuma yana kasa kunne. Kashegari ta ji shi a bayan gida, kai cikin bokiti, yana kwaikwayonta.

Daraktar ta dubi mai sauti, ta dube ta. "Mama, za ki gwada? Shi zai iya kaurara muryar."

Ta tsaya gaban makirfo, ta ɗaga bokitin. Har yanzu yana ƙanshin man da yake shafa wa gemunsa. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Wata biyar ke nan rabonta da dariya.

"Ba za ta zo ba," ta ce. "Ku yi haƙuri."

Mai sauti ya kunna wata tsohuwar muryar mijinta da aka ɗauka. Sai muryar Tsatsa ta cika ɗakin: "Fitila! Yau zan mai da birninki ƙura, zan..." Waya ta yi ƙara. "Kai, a tsaya, uwar ɗakina ce." Muryar ta koma 'yar siririya. "Na'am, ranki ya daɗe. E, na sayo zaren. Kore mana. Shuɗi kika ce? Wayyo ni, yau na shiga uku."

Ta tuna zaren. Yana nan cikin gwangwani, ba ta taɓa amfani da shi ba. Dariyar ta ƙwace mata cikin bokitin, doguwa, ta ja numfashi sau uku, daga nan ta karye ta zama wani abu dabam. Ba wanda ya tsayar da ita.

Da aka kaurara muryar aka ɗora a kan zanen, ta zauna daidai. Tsatsa na nutsewa, jaruman huɗu na tsaye bakin teku, Fitila ta sunkuyar da kai.

Daraktar ta share ido. "Mama, wane suna za mu rubuta a ƙarshe?"

"Nasa."

"Amma ai ke ce..."

"Shekara shida yana riƙe da ita ban karɓa ba. Yau ce zan karɓa?"

Ta ɗauki bokitinta, ta ce wanki na jiran ta. Mai gadi ya buɗe mata ƙofar gaba.