A Ajiye Shi

Tun da matar ta shigo sito da farar hular kwano da littafi a hammata, hankalin Nababa bai kwanta ba. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar ɗaga kaya a wannan siton riɗi na hanyar Doma, bai taɓa taka ko kaza ba. Yau kuma wai Madam Erdoo ce aka ɗauko ta koya masa kiyaye haɗari. Shi ba yaro ba ne. Manaja Wakili yana da ƙane da ke zaman banza, kuma kwanan nan yaron ya cika shafa sitiyari.

Ta sa shi ya ɗaga buhuna, ya danna oda a kowace kwana, ya tafi da baya idan kaya sun tare masa gaba. Duk ya yi. Da ta ce ya tsaya, sai ya yi dabararsa ta watanni biyar: ya jefa giyar baya, motar ta yi tsalle ta tsaya. Ta dube shi, ta rubuta wani abu. 

Yana alwala a bayan ofis ya ji muryarta ta taga, da Hausarta ta 'yan kasuwa.

"Wannan ya tsufa, Manaja. A ajiye shi yau, kafin ya kashe mutum."

Bai ƙarasa wanke ƙafa ba ya shiga, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Madam, ki faɗa a gabana. Wa na taɓa kashewa?"

Ta nuna waje da biro. "Ba kai ba, Baba. Mota. Birki ya mutu. Kai ka iya aiki, shi ya sa har yanzu kowa yana da ƙafa."

Wakili ya yi dariya. "Haba Nababa, ka manta Hausar Madam ba ta raba mace da namiji?"

Shi ma ya yi dariyar, daɗi ya kama shi har kunya.

"Amma ka san birkin ya mutu," ta ce a hankali. "Me ya hana ka faɗa?"

Ya leƙa ta taga. Mota ɗaya ce tak a siton, kuma Wakili ya sha cewa babu sabuwa a bana. In aka ajiye ta, shi ma an ajiye shi.

Ta miƙo hannu. Ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya sami makullin.