Fuskar Mama Aduke

Da bakinsa Gbenro makanike ya sa aka toshe sunansa daga cacar ƙwallo ta waya, a gaban uwarsa, hannunsa kan Littafi Mai Tsarki. Sabuwar doka ce ta zo da wannan gata: wanda ya toshe kansa, babu kamfanin da zai sake buɗe masa, kuma kafin kowa ya buga sai waya ta ga fuskarsa. Masu dokar sun manta cewa ɗan Ibadan yana da uwa.

Tubarsa ba ta kai ƙarshen wata ba. Ya ɗauki katin shaidar tsohuwa ya buɗe sabon asusu, har da lambar wayarta. Duk ranar wasa sai ga shi da ledar lemo.

"Mami, Morenike ce daga Landan take son hotonki. Kalli nan. Ƙifta ido. Juya kai."

"Wannan ƙanwa taka ba ta da aiki ne? Tsaya in gyara ɗankwali."

Mama Aduke ita ce shugabar matan cocinsu, kujerar da take ji da ita fiye da haƙoranta da suka rage. Ita ta ja matan har ƙofar majalisa suna neman wannan doka. Gbenro yana jin kunya, amma kunyarsa ba ta taɓa wuce lokacin da za a take wasa ba.

Wata Laraba ya tarar da matan coci cike da falo, sai wayar tsohuwa ta yi ƙara. Kunnenta ya yi nauyi, don haka a lasifika take amsa kowane kira.

"Barka da rana, Mama. Daga sashen kula da masu caca ne. Mun ga wasanki ya yi yawa kwanan nan, har ƙwallon ƙasar Bolibiya kina bugawa. Lafiya dai?"

Iya Bolanle, wadda ta daɗe tana harin kujerar, ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"Ɗiyata, ta yaya kuka san ni ce?" in ji Mama Aduke.

"Fuskarki ce ke buɗe asusun, Mama. Kina ƙifta ido, kina juya kai."

Tsohuwa ta dubi ɗanta. Gbenro ya jira ta tona shi a gaban mutanen da suke kawo masa gyaran mota.

"Ni ce," ta ce. "Tsufa ne da zaman banza. Ku rufe shi."

Kafin matan su gama neman takalmansu, kujera ta koma hannun Iya Bolanle.

Gbenro ya kwanta rub da ciki a gabanta yana ba da haƙuri. Ta tsallake shi ta shiga kicin, ta dawo ta dire masa kwanon amala a gefen kai.

"Tashi ka ci. Da ka tambaye ni aron fuskar, da na gaya maka ita kaɗai gare ni."