Fuskar da Ke Gindin Bindiga

Inna ba ta da abin taƙama a duniya sai tsohuwar bindigar marigayi mijinta. Tana rataye a falo, sama da agogon bango. Bakinta ya yi tsatsa, kunamarta ta ƙage, amma a katakon gindinta an sassaƙa fuskar mace mai dogon wuya, ganye kewaye da ita.

"Ni ce nan," haka take gaya wa kowane baƙo. "Shi ya sa aka zana ni, don ko a daji kada ya yi kewata."

Maƙwabciyarta, wadda ake kira Mai Tsini saboda bakinta, ta gaji da jin wannan labari. Hassada kuwa ba ta san tsufa ba. Wata rana tana kwashe tarkacen nata marigayin mijin, sai ga bindiga a bayan kabad. Ta goge ƙurar, ta ga fuskar nan sak. Ta kai wa mai gyaran bindigogi. Ya nuna mata tambarin ɗan kifi kusa da kunama, ya ce aikin wani maƙeri ne da ya daɗe da rasuwa, kuma duk bindigar da ya ƙera wannan fuska yake sa mata.

Mai Tsini ba ta zo ba sai da ta ga falon Inna ya cika da surukai da jikoki. Ta kwance zanen da ta naɗe bindigar, ta aza a tebur.

"Yaya, a sauko da taki mana mu gwada. Kamar na ga tagwaye."

Aka sauko da ita. Wuya ɗaya, hanci ɗaya, kifi ɗaya. Babbar surukar Inna ta sunkuyar da kai.

Inna ta sa tabarau, ta daɗe tana shafa katakon da yatsa.

"Wannan ta mijinki ce?"

"Tasa ce."

"Allah sarki. Ashe har da shi." Ta girgiza kai. "Dama na sha lura da yadda yake gaishe ni. Ki yafe masa, ƙanwata, ya riga ya tafi."

Jikoki suka kwashe da dariya. Mai Tsini ta buɗe baki za ta kawo zancen maƙeri, ba wanda ya saurare ta. Ita ta ɗauko abin da hannunta, ba aikenta aka yi ba.

Ta naɗe bindigarta ta nufi ƙofa.

"Ki rataye ta inda ba danshi," in ji Inna. "Ba na son fuskata ta yi fumfuna."