Kofin Ruwa a Kan Inji

"Kashe shi! Kashe, na ce!"

Muryar ba ta fito sosai ba, cokalin da ya bugi ƙarfen taga ne ya isar da saƙon. Direba ya murɗa makulli, injin ya yi tari biyu ya mutu. Ya fito daga motar yana goge hannu a wando, ya dubi tagar maƙwabcinsa. Tsohon bakaniken, wanda duk layin ke kira Injiniya, sati uku ke nan bai sauko daga gado ba, huhu ya gaji. An jawo masa gadon jikin taga don ya riƙa jin abin da ake yi a rumfar da ke tsakanin gidajensu.

"Baba, yanzu fa ya tashi."

"Tashin me? Wannan ai gurnani ne. Ka ɗora kofin?"

Direba ya yi tsaki a ciki. Wata takwas suna kan wannan tsohuwar motar tasa. Shi ya nace a sa mata turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Injiniya ya ce to, amma sai an rage matsin injin, in ba haka ba ranar da turbo ya hura, fistin zai narke. Suka canza fistin, suka sa gasket mai kauri, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin. Injin ya koma rago, tashi da ƙyar, tafiya kamar an yi masa dole. Tsohon kuma ya kafe: ba za a ɗaura turbo ba sai injin ya daidaita shi kaɗai, har a ɗora masa kofin ruwa ruwan bai yi rawa ba.

Jiya Direba yana bakin ƙofa ya ji abin da likita ya gaya wa Inna, matar tsohon. Kwanaki ne, ba makonni ba. Tun daga lokacin zama ya gagare shi. Ya ɗauki sifana ya ajiye, ya share rumfar da ba ta da datti, ya zagaya motar ya fi sau goma. So yake tsohon ya ji kukan turbon nan da kunnensa ko sau ɗaya, tsoro kuma yake kada lokaci ya ƙwace.

Ya lallaɓa wajen kanta, ya jawo kwalin turbon a hankali.

"Sarkin gaggawa," in ji muryar daga taga. "Mayar."

"Ni ban taɓa komai ba, Baba."

"Ƙirjina ne ya lalace, ba kunnena ba."

Direba ya zo ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu. Ɗakin na warin man zafi. Tsohon ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu.

"Awa uku kawai, Baba. In ɗaura, in tayar, ka ji shi. Saitin sai mu yi daga baya."

"Mu wa?" Injiniya ya yi dariyar da ta zama tari. Inna ta tallafo shi, ta harari Direba. Da numfashi ya dawo ya ce, "Na san abin da likita ya ce, kar ka ɓoye fuska. In ka ɗaura yanzu, ƙarar turbo za ta rufe ciwon da ke ƙasa. Ba za ka ji ba sai a kan titi, da yaranka a baya. Ni injin nan nake so in ji ya zauna. Je ka."

Inna ta miƙo kofin gilashi ta tsakanin ƙarafen. "Karɓi, ɗan nan. Shekara arba'in yana kwashe mini kofuna, saura uku a gidan."

Suka koma kan tsarinsu, tunda magana tana cin numfashi: bugun cokali ɗaya, ƙara taimin wutar inji gaba, bugu biyu, koma baya. Direba ya cika kofin, ya ɗora a murfin inji, ya tayar. Ruwan ya hau tsalle har yana fantsala. Ya sassauta ƙusar taimin, ya juya kaɗan.

Ƙwal.

Ya ƙara.

Ƙwal, ƙwal.

"Yanzu ka ce gaba!" Ya faɗa da ƙarfi. Ya koma baya kamar kaurin farce. Zufa na shiga masa ido. Ya kashe, ya ciro fulogi huɗu, ya ga na uku ya yi baƙi, ya goge ya mayar. Ya rage mai, ya ƙara iska. Rana ta bar kan rumfar ta koma bango, cokalin bai fasa ba, sai dai bugun yana ta yin sanyi, har sai ya karkata kunne.

Ƙwal.

Ya taɓa kaɗan. Sai injin ya sauke murya. Gurnanin ya tafi, salansa ta daina harbi, bonet ya daina kaɗawa. Direba ya janye hannunsa a hankali ya dubi kofin. Ruwan ya kwanta.

Ya jira cokali. Ɗaya ko biyu.

"Baba, ka ji?" Bai juya ba. "Baba, in ɗaure a nan?"

Inna ce ta zo tagar, ta dubi motar.

"Ya ji," ta ce. "Ya ce in gaya maka ka ɗaure. Daga nan ya ba ni cokalin."

Direba ya dafa motar. Kuka ya zo masa, bai hana shi ba. Ya lalubo sifana ya ɗaure ƙusar, yana yi yana share ido da kafaɗa. Ya miƙa hannu zai kashe injin.

"Bar shi tukuna," in ji Inna. "Bari in rufe masa ido."

Ya bar shi. Maƙwabta suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa a bakin rumfar. Kwalin turbo na kan kanta inda ya mayar da shi. Injin na ta aiki a hankali, rufin rumfar ya fito sarai a cikin ruwan kofin.