Murjanatu a Cikin Madubin Amarya

Kuna zaune a wurin ranar sadakar uku lokacin da yarinyar ta yi tambayar, kada wata ta ce min ba ta ji ba. Tsakar gidan Murjanatu mai hoto ya cika da ku, matan unguwar Dogo Nini, tabarmi har bakin rijiya, ana ta miƙa gumba da waina. Sai Ummul-Khair, 'yar marigayiyar, wadda bana ta shiga aji ɗaya, ta tsaya a tsakiyarku riƙe da katin zaɓen uwarta.

"Wannan ba Ummata ba ce," ta ce. "Ummata tana dariya. Wa yake da hoton Ummata?"

Na ga abin da kuka yi. Wata ta gyara mayafi, wata ta ce Allah sarki, wata ta jawo yarinyar ta danƙa mata alewa. Ba wadda ta amsa. Alhali kusan kowaccenku tana da hoton da Murjanatu ta ɗauke ta, na aure ko na suna ko na sallah. Shekara da shekaru kuna tsayawa a gabanta kuna gyara ɗaurin ɗankwali, ba wadda ta taɓa cewa, kawo abin nan in ɗauke ki ke ma.

Ni ce Asma'u, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. A gaban idona ta fara sana'ar nan. Mijinta Abatcha direban tirela ne, yana kai shanu Kudu. Shi ya zo mata da kyamara ta hannu daga Kano, bayan ya gaji da jin ta tana cewa matan unguwa suna tsufa ba su da hoto in ba na kati ba, don ba za su je shago su buɗe kai a gaban namiji ba. Da farko dariya aka yi mata. Har waƙa yara suka yi mata a layi. Ita kuwa ta rataya jakarta ƙarƙashin hijabi, tana bin gidaje da sallama.

Tana da yadda take aikinta. Ba ta kai kyamara ido. A ƙirji take riƙe ta, ta ɗaga ɗan gilashinta sama ta saci kallo, fuskarta a buɗe tana kallon mace ido cikin ido tana tsokanarta.

"Haba Hajiya, wannan ɗaure fuska kamar an ce miki mai gida ya manta cefane? Saki ranki. Wa ya yi miki kitson nan, ko faɗa kuka yi?"

Mace na fashewa da dariya, ta latsa.

Kuma tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba. Idan ta kai aka wanko hotuna ta kawo miki, sai ta zauna kusa da ke ta goge su daga kyamarar a gaban idonki. Wanda ba ki so kuwa, ko wankewa ba za a yi ba, nan take za ta goge shi. "Duba da kyau, ya tafi," haka take cewa. "Gashinki da wuyanki naki ne."

Na sha yin musu da ita a kan wannan bayan na dawo daga jami'a.

"Yaya Murja, aikinki kike binnewa. Ki ajiye ko kaɗan ne, ki buɗe shafi a intanet, duniya ta san akwai mace mai hoto a Potiskum."

"Malama 'yar boko," ta ce, "duniyar taki ce za ta buɗe min ƙofar ɗakin matar Mallam? Matsa min daga haske."

Har yau ina ganin ta cancanci shago mai allo da sunanta a bakin titi. Amma ƙofofin sun buɗe mata. Daga Nangere ake aiko mata da mota, har Damagum ta je bikin da amarya ta rantse ba mai ɗaukar ta sai Murjanatu.

Ciwon ƙoda ya kama ta bara. Kafin damina ta tsaya, zuwa Damaturu wankin ƙoda ya cinye ƙarfinta, ƙafafu suka kumbura, fuska ta tashi har idanun suka ƙanƙance. A lokacin ne na nemi hotonta na rasa. Na duba wayarta, hotunan ciki daga na Ummul-Khair sai na awakinta. Abatcha ya ce duk sanda ya ɗaga waya sai ta kare fuska ta ce sai ta yi kwalliya, gobe.

Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa na shiga na same ta a jingine a barandar ɗakinta. Gogo na zaune a gefe tana mata fifita. Gogo tsohuwar Bafulatana ce da ke ƙarshen layinmu, tun da ta bar ruga take sayar da fura a zaure. Na sauko da jakar kyamarar daga ƙusa.

"Yau ke za a ɗauka," na ce.

"Ni? A haka?"

"A haka. Ummul za ta girma, Yaya. Me za mu nuna mata?"

Ta kalli yarinyar, wadda ke can tana tsallen ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Sannan ta ce, "Gogo, miƙo min kwalli."

Gogo ce ta zizara mata shi. Na ɗaura mata ɗankwalin atamfarta mai ruwan ganye. Ita kuma tana ba ni umarni kamar 'yar koyo.

"Sauke ta ƙasa, ba bindiga ba ce. Ki bar haske ya zo ta gefe. To tsokane ni mana, ko boko bai koya miki ba?"

 Gogo ce ta cece ni.

"Ke Murja, furar da kika sha min a kyauta tun kina amarya ce ta taru a kumatun nan, ba ciwo ba ne."

Ta yi dariya har da tari. Na latsa.

Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Ta kusantar, ta nisantar. Na ga babban yatsanta ya nufi inda na sani, wurin gogewa.

"Yaya Murja, kar ki yi! Wallahi kar ki yi!"

"Asma'u, wannan matar da ke cikin hoton, Ummul tana tsoron ta. Jiya da na kira ta, sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare min kallo kafin ta zo. Idan kika rataya mata wannan a bango, ita za ta riƙe, ta manta waccan."

"Amma shi kaɗai ne muke da shi!"

"Mata nawa na ce wa wanda ba ki so ba za a ajiye ba? Ni ba mace ba ce?" Ta juyo min da gilashin. "Duba da kyau. Ya tafi."

Na fita a fusace, na je bayan katanga na yi kukana. Da na dawo ta yi barci, kwallin yana idonta, kyamarar tana cinyarta.

Da hantsi ta cika, wata ranar Laraba, kanta a kan ƙafar Gogo. Abatcha na hanya, a Damagum labarin ya riske shi.

To mu koma ranar sadakar, inda kuka yi shiru. Gogo kaɗai ce ta yunƙura ta dafa bango ta fita. Can sai ga ta da langa a naɗe cikin tsumma. Ta zauna ta buɗe, ta zaro hoto ɗaya da gefensa ya fara ja. Na auren jikarta Hansatu ne, tun farkon fara aikin Murjanatu.

"Zo nan, 'yar nan," ta ce wa Ummul-Khair. "Bar kallon amarya. Kalli bayanta."

A bayan Hansatu akwai madubin kayan ɗaki. A cikin madubin, ga wata mace da ba ta fi kan yatsa ba, kyamara a ƙirjinta, haƙoranta a waje, tana tsakiyar faɗin wata magana.

Yarinyar ta ɗora yatsa a kai. "Ga ta nan," ta ce a hankali.

Na kai shi wurin masu wankin hoto. Sun ce ya yi ƙanƙanta, in aka ƙara masa girma fuskar za ta watse. Sun gwada, ta watse. Kuma na san daga baya Murjanatu ta koyi yafa zane a kan madubi kafin ta ɗauka, don haka sai a hotunan farko za a same ta. Babu ko ɗaya a kyamararta, ta goge su duka saboda ku. Suna ƙasan akwatunanku, cikin lefe, bayan kwanuka a kabet.

Ku tashi yau ku buɗe. Ba fuskarku nake so ba, ku rufe ta da tafin hannu in kun ga dama, ko mu yanke gefen kawai. Ku duba bayanku, madubi ko gilashin kabet ko na taga. Wadda ta ga Murjanatu ta kawo ta gidan Abatcha, ƙofa mai launin ganye kusa da rijiya. Za ku tarar da Ummul-Khair a baranda da la'asar, hoton auren wata a cinyarta, ta rufe amaryar da hannu ɗaya.